169.254.169.254: tarihin tagar da sabuwar kwamfuta take tambayar sunanta

Idan ka taɓa hayar kwamfuta ta intanet, irin wadda Amazon ko Google ko DigitalOcean suke bayarwa ana biyan su kuɗin awa, ka san yadda abin yake tafiya. Ka zaɓi girmanta, ka zaɓi Ubuntu ko Debian, ka danna maɓalli, kafin ruwan shayi ya tafasa an ba ka adireshi ka shiga da makullinka. Ko ba ka taɓa ba ma, da yawa daga cikin manhajojin da ke wayarka a kan irin waɗannan kwamfutoci suke zaune. To amma tsaya ka yi tunani: wa ya gaya wa waccan kwamfuta makullinka?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Abin da ka haya ba ƙarfe ba ne da wani ma'aikaci ya ɗauko daga kan kanta ya jona maka. Kwamfutar kwaikwayo ce, wato manhaja da ke kwaikwayon cikakkiyar kwamfuta a cikin wata babbar na'ura da kake rabawa da mutanen da ba ka sani ba. Faifan da ta tashi da shi kuma kwafi ne na hoton faifai guda ɗaya, wanda aka riga aka kwafa wa dubban mutane kafin kai. Kamar bulo ne da ya fito daga injin bugu ɗaya, ba ka bambance na farko da na dubu. A cikin wannan hoton babu sunanka, babu makullinka, babu labarin aikin da kake so a yi. Duk da haka sai ta farka ta san sunanta, ta san wanda za ta buɗe wa ƙofa, wani lokaci ma har ta girka manhajojin da kake buƙata kafin ka iso.

Amsar ita ce tambaya take yi. Akwai wani adireshi, 169.254.169.254, da kusan duk manyan kamfanonin gajimare suke ajiye amsa a bayansa. Yadda wannan lamba ta zama ta kowa ba tare da wani kwamiti ya zauna a kanta ba, da yadda sauƙinta ya buɗe ƙofar ɗaya daga cikin manyan sace-sacen bayanan banki a Amurka, shi ne labarin.

Tun kafin gajimare

Matsalar ta girmi Amazon nesa ba kusa ba. A shekarun 1980 faifan ajiya yana da tsada, don haka jami'o'i da kamfanoni sukan sayi kwamfutoci marasa faifai, su ajiye komai a kan uwar garke ɗaya. Irin wannan kwamfuta idan aka kunna ta ba ta san komai ba sai lambar da masana'anta suka buga a katinta na sadarwa. A watan Satumbar 1985 Bill Croft na Jami'ar Stanford da John Gilmore na kamfanin Sun Microsystems suka wallafa ƙa'idar da ake kira BOOTP. Tsarin mai sauƙi ne: kwamfutar ta yi shela ga duk wanda ke kan waya ɗaya da ita, ta ce ga lambata, wa ya san ni? Uwar garken ta duba jerin sunayenta ta mayar da amsa: ga adireshinki, ga kuma sunan fayil ɗin da za ki sauke ki tashi da shi.

A 1993 Ralph Droms ya faɗaɗa wannan ya zama DHCP, inda ake ba da adireshi aro na wani lokaci maimakon a rubuta kowace na'ura da hannu. Wayarka tana yin wannan shelar duk lokacin da ka jona ta da wayfay. Daga baya aka samu hanyoyin girka babbar manhaja ba tare da mutum ya zauna yana amsa tambayoyi ba, kamar JumpStart na Solaris da Kickstart na Red Hat, inda ake rubuta amsoshin a fayil tun da wuri.

Duk waɗannan suna da zato guda a ƙarƙashinsu: mai kwamfutar da mai wayar sadarwar mutum ɗaya ne, ko aƙalla ma'aikata ɗaya. Wanda ya rubuta jerin sunayen shi ne ya sayi na'urorin. Gajimare ya zo ya rushe wannan zato.

Agustan 2006

Raba babbar na'ura ɗaya zuwa kwamfutocin kwaikwayo tsohuwar dabara ce, IBM ta yi ta tun shekarun 1960. VMware ta kawo ta kan kwamfutocin gama-gari a 1999, sannan masu bincike a Jami'ar Cambridge ta Ingila suka fitar da Xen a 2003, kyauta ga mai so. A kan Xen ɗin Amazon ta gina EC2, ta buɗe shi don gwaji a watan Agustan 2006. Mafi yawan aikin farko a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu aka yi shi, ƙarƙashin jagorancin Chris Pinkham. Girma ɗaya tak ake bayarwa a lokacin, kuɗinsa santi 10 na dala a awa.

Yanzu ka sa kanka a matsayin waɗancan injiniyoyi. Baƙo ne daga ko'ina a duniya zai zo da katin banki ya ce a tayar masa da kwamfuta, ko guda ɗari, yanzu-yanzu. Hoton faifan da zai yi amfani da shi ma wataƙila shi ya haɗa abinsa, ba ku san abin da ke ciki ba. Ta yaya makullinsa zai shiga?

Hanya ta farko, kowa ya gasa makullinsa a cikin hoton faifansa. Wannan yana nufin ba za a iya raba hoto ɗaya tsakanin mutane ba, kuma duk ƙaramin canji sai an sake haɗa hoto. Hanya ta biyu, kamfanin ya buɗe faifan kafin kwamfutar ta tashi ya rubuta makullin a ciki. Wasu kamfanoni sun bi wannan, har OpenStack ta daɗe tana da shi. Sai dai fa dole kamfanin ya san tsarin kowane irin faifai da inda kowace babbar manhaja take ajiye makullai, ga kuma hannu da yake sawa a cikin kayan mai haya. Idan faifan a kulle yake da lambar sirri, zance ya ƙare.

Amazon ta ɗauki ta uku: kada a taɓa faifan, a bar kwamfutar ta zo ta tambaya da kanta. Aka buɗe wata 'yar taga da ke magana da HTTP, yaren da burauza take yi da shafukan intanet, aka ajiye ta a 169.254.169.254. Hotunan faifai na farko suna da 'yan layukan umarni da ke gudana a ƙarshen tashi, su je tagar su karɓo makullin, su ajiye shi inda ya kamata. Shi ke nan.

Me ya sa wannan lamba? Duk adireshin da ya fara da 169.254 an ware shi ne don magana tsakanin na'urorin da ke kan waya ɗaya, kuma ƙa'idar da aka wallafa a 2005 ta hana na'urorin da ke tura saƙonni tsakanin hanyoyin sadarwa su wuce da shi gaba. Idan ka taɓa zama a shagon intanet netwok ya ɗauke, ka duba ka ga Windows ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, wannan gidan ne. Tunda babu wani shafi a duniya da zai mallaki irin wannan adireshi, babu wanda za a yi karo da shi.

Ga inda dabarar take. Tambayar ba ta zuwa ko'ina da nisa. Manhajar da ke rabon babbar na'urar, ko katin musamman da Amazon take amfani da shi a yau, ita ke tare saƙon tun a bakin ƙofa. Ta san daga wace kwamfutar kwaikwayo ya fito, don haka ta ba da amsar da ta dace da ita. Kwamfutoci miliyan za su buga lamba ɗaya, kowace ta ji labarin kanta kaɗai. Ka nemi /latest/meta-data/instance-id a ba ka lambar shaidarka. Ka nemi wani reshen a gaya maka adireshinka, ko yankin da kake, ko makullin mai gida. Har yau idan ka tambayi tagar ba tare da ka faɗi reshe ba, za ta jero maka tsoffin sigoginta da kwanan wata, ciki har da 2007-01-19.

Kalmar sirri fa? Babu. Kuma ba sakaci ba ne ya kawo haka. Idan aka ce sai ta faɗi kalmar sirri kafin a amsa mata, wa zai gaya mata kalmar tun farko? Ai matsalar da ake son warwarewa ke nan. Don haka aka mayar da wurin da kake tsaye ya zama shaidarka: duk muryar da ta fito daga cikin ɗakin nan, ta mai ɗakin ce. Ka riƙe wannan jimla, za mu dawo kanta.

Wasiƙar mai haya

Bayan bayanan da kamfani yake cikewa, an bar wani gurbi da ake kira user-data. Duk abin da ka ga dama kana iya rubutawa a ciki lokacin da kake neman kwamfutar, muddin bai wuce kilobait 16 ba. Wannan rubutun da kake karantawa ya kusa cika shi. Amazon ba ta karantawa, ba ta fassarawa, ajiyewa kawai take ta miƙa wa kwamfutar idan ta tambaya. Ambulan ne aka ba ka ba tare da an ce ga yaren da za ka yi wasiƙar da shi ba.

Masu amfani ne suka ƙirƙiro yaren. Eric Hammond, wanda yake haɗa hotunan Ubuntu da mutane da yawa suka dogara da su a farkon zamanin EC2, ya yaɗa wata al'ada mai sauƙi: idan wasiƙar ta fara da alamomin #! to jerin umarni ce, a gudanar da ita sau ɗaya a tashin farko, da cikakken iko. Ka ga abin da wannan ya canza. Hoto ɗaya na kowa da kowa, wasiƙa daban-daban. Wannan ta zama uwar garken shafi, waccan ta zama rumbun bayanai, alhali daga injin bugu ɗaya suka fito.

Kamfanin Canonical, masu Ubuntu, suna da wata ƙaramar manhaja mai suna ec2-init da ke yin irin wannan aikin. Scott Moser ya karɓe ta ya faɗaɗa, aka sauya mata suna zuwa cloud-init, ta fito tare da Ubuntu 10.04 a watan Afrilun 2010. Sauya sunan ba ado ba ne, sanarwa ce cewa ba Amazon kaɗai za ta yi wa aiki ba. A watan Satumba na shekarar Amazon ta fitar da nata Linux ɗin, da cloud-init a ciki. Mai tagar da kansa ya ɗauki mai karanta wasiƙar da wani ya rubuta.

Abin da cloud-init ta ƙara shi ne, maimakon ka rubuta umarni mataki-mataki, sai ka faɗi abin da kake so kawai:

#cloud-config
hostname: kasuwa-1
packages:
  - nginx
runcmd:
  - systemctl enable --now nginx

Layin farko yana gaya mata irin wasiƙar. Sauran suna cewa ga suna, ga manhajar da za a girka, ga abin da za a kunna a ƙarshe. Ko ba ka rubuta komai ba, tana da ayyukan da take yi a ɓoye, kuma a ganina su ne suka fi muhimmanci. Tana faɗaɗa faifan ya cika girman da ka biya. Tana sa makullinka. Tana kuma goge makullan shaidar kwamfutar da suka zo cikin hoton ta ƙera sababbi. Wannan na ƙarshen, in da ba a yi shi, da dubban kwamfutoci za su riƙa yawo da hatimi iri ɗaya, duk wanda ya mallaki kwafi ɗaya zai iya yin sojan gona da sunan sauran.

To ta yaya take sanin tashin farko ne? Tana ajiye lambar shaidar da tagar ta ba ta a kan faifai. Duk lokacin da aka sake kunna kwamfutar sai ta tambaya ta gwada. Idan lambar ɗaya ce, ta san tsohon gida ne, ba ta sake aikin farko. Idan ta bambanta, ta san an kwafe faifan an tayar da wata sabuwa, sai ta yi mata raɗin suna daga farko. Wannan 'yar gwadawa ita ce ta sa kamfani zai iya ƙara kwamfutoci hamsin da tsakar dare idan masu ziyara sun yi yawa, ya kashe su da asuba, babu wanda ya tashi daga barci.

Injiniyoyin Amurka suna da wani kwatance da Randy Bias ya yaɗa, wai a daina ɗaukar kwamfuta kamar dabbar gida mai suna da ake jinya idan ta yi ciwo, a ɗauke ta kamar saniya a garke, mai lamba kawai, in ta faɗi a kawo wata. Duk wanda ya san Bafulatani da shanunsa zai yi murmushi, don shi kowace saniya ya san ta, ya san uwarta. Amma dai ka gane abin da suke nufi.

Kowa ya kwafa, wasu sun bi ta CD

Abin da ya biyo baya ba a shirya shi ba. Eucalyptus, da aka fara a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara, ta kwaikwayi EC2 don mutane su gina irinsa a gida. A watan Yulin 2010 Rackspace da hukumar NASA suka ƙaddamar da OpenStack. Dukansu sun buɗe taga a 169.254.169.254, saboda hotunan faifan da ke hannun jama'a can suka saba zuwa. Wanda ya zaɓi wata lamba, kwamfutocin abokan cinikinsa za su tashi su yi ta jiran amsar da ba za ta zo ba. Google ta zo da nata a 2012, ta ba tagar suna metadata.google.internal, amma idan ka bi sunan lambar nan dai za ka tarar. Alibaba na cikin 'yan kaɗan da suka kauce, tasu tana 100.100.100.200.

Ba wai babu ƙa'idar kwamiti ba. Tun 2007 VMware da Microsoft da IBM da Dell da HP da XenSource suka miƙa wa ƙungiyar DMTF wani tsari mai suna OVF, wanda a cikinsa ake rubuta bayanan tashi a fayil a saka a faifan CD na kwaikwayo. Microsoft ta bi wannan hanya a Azure: sabuwar kwamfuta takan tashi ta tarar da faifai a cikinta ɗauke da fayil mai suna ovf-env.xml. Sai a 2017 Azure ta buɗe wa kowa tata tagar, a lambar da ka riga ka haddace.

Hanyar CD tana da hujjarta, kada ka raina ta. Taga sai da sadarwa ake isa gare ta. Idan abin da kwamfutar take nema shi ne yadda za ta saita sadarwar fa, a wurin da babu DHCP? An koma gidan jiya. Faifai kuwa yana nan tun kafin komai ya tashi. Shi ya sa OpenStack ta ƙara nata faifan mai lakabin config-2, cloud-init kuma ta tanadi wani mai lakabin cidata ga wanda ba ya kan gajimaren kowa. Yau babban ɓangare na aikin cloud-init shi ne leƙe-leƙe a daƙiƙun farko: ta duba sunan da na'urar ta ba kanta, ta duba lakabin faifai, ta gane gidan wa ta farka, sannan ta san yaren da za ta yi. Windows tana da nata masu wannan aiki, kamar Cloudbase-Init da EC2Launch. Mutanen CoreOS kuma suka ga cewa gyara kwamfuta tana cikin tashi yana kawo rikici, suka rubuta Ignition, wadda take gama komai sau ɗaya tun kafin babbar manhajar ta fara aiki, in abu ya ƙi kuma ta tsayar da tashin gaba ɗaya.

Ranar da aka ajiye makullai a taga

A shekarun farko abin da ke tagar ba shi da wani daraja ga ɓarawo. Suna ne, da adireshi, da rabin makullin da dama na bainar jama'a ne. Matsalar tana wani wuri. Manhajar da ke kan kwamfutar tana buƙatar izinin shiga rumbun ajiyar kamfani, don haka mutane suka riƙa rubuta makullan asusunsu na dindindin a cikin user-data ko cikin hoton faifai. A 2011 masu bincike a Darmstadt ta Jamus suka duba hotunan da jama'a suka saki a EC2, suka tarar da makullai na sirri da masu su suka manta a ciki.

A watan Yunin 2012 Amazon ta kawo magani. Maimakon ka rubuta makulli, sai ka ba kwamfutar matsayi, ka ce wannan tana da izinin karanta rumbu kaza. Kamfanin ya ƙera makulli na wucin gadi mai mutuwa bayan 'yan awanni, ya riƙa sabunta shi da kansa. A ina za a ajiye shi? A tagar mana. Gyara ne na gaske, ya fi abin da ake yi a da. Amma ka lura da abin da ya faru: tagar da aka gina don faɗin suna, wadda ba ta tambayar kowa shaida, yanzu makullan rumbu ne a rataye a cikinta.

Ka tuna jimlar nan, duk muryar da ta fito daga cikin ɗaki ta mai ɗakin ce. To idan ɗan aike ne fa? Shafuka da yawa suna karɓar adireshi daga baƙo su je su ɗauko abin da ke can. Ka liƙa mahaɗin hoto, shafin ya ɗauko ya nuna maka. Idan mai shafin bai tace abin da ake ba shi ba, sai mugu ya liƙa 169.254.169.254 a gurbin mahaɗin. Shi daga waje ba zai taɓa isa tagar ba. Amma manhajar shafin a cikin ɗaki take. Ta je ta tambaya, a ba ta makullai, ta kawo wa wanda ya aike ta. Masana tsaro suna kiran wannan SSRF, kuma sun yi shekaru suna nuna shi kafin ya fashe.

Ranar 29 ga Yulin 2019 bankin Capital One ya sanar cewa an kwashi bayanan mutane kusan miliyan 100 a Amurka da kusan miliyan 6 a Kanada, akasarinsu masu neman katin bashi. Wadda aka kama tsohuwar ma'aikaciyar Amazon ce, kotu ta same ta da laifi a 2022. Ta shiga ne ta wata katangar tsaro da bankin ya girka bai saita daidai ba, ta samo makullan matsayin da aka ba waccan kwamfuta, kuma matsayin yana da izinin da ya wuce buƙatarsa. Hukumar da ke sa ido kan bankunan Amurka ta ci bankin tarar dala miliyan 80 a 2020, ya kuma amince ya biya dala miliyan 190 don sasanta ƙarar da abokan ciniki suka shigar.

Laifin wa ne? Amazon ta ɗora shi a kan saitin bankin. Sanatoci biyu, Ron Wyden da Elizabeth Warren, suka rubuta wa hukumar kare masu saye ta Amurka suna neman a binciki Amazon ɗin kanta. Hujjarsu mai ƙarfi ce: Google da Microsoft sun riga sun sa sharaɗin cewa duk mai tambayar tagarsu sai ya haɗa da wani layi na musamman a kan saƙonsa, Metadata-Flavor: Google a ɗaya, Metadata: true a ɗayan. Ba sirri ba ne, kowa ya san layin. Amfaninsa shi ne ɗan aiken da aka yaudara yawanci adireshi kawai ake iya ba shi, ba a iya sa shi ya ƙara layi. Ni dai ina ganin bankin ne ya bar ƙofa a buɗe, amma wanda ya gina gidan ya san irin wannan ɓarawo, ya ga maƙwabta sun sa sakata, shi bai sa ba.

A watan Nuwamban 2019 sakatar ta zo, da sunan IMDSv2. Yanzu sai ka fara neman tikiti da wani nau'in saƙo da ake kira PUT, wanda yawancin 'yan aike ba sa iya turawa. Tikitin ba ya wuce awa 6, kuma kowace tambaya sai ka nuna shi. Idan saƙon neman tikitin yana ɗauke da alamar cewa wani ne ya turo shi a madadin wani, a ƙi shi. Sannan amsar da ke ɗauke da tikitin an ƙayyade mata zango ɗaya kacal, idan aka yi ƙoƙarin wucewa da ita zuwa wata na'ura sai ta mutu a hanya. Wannan na ƙarshen ya ba masu amfani da Docker ciwon kai, don manhajar da ke cikin kwantena zango biyu take daga tagar, dole suka riƙa ɗaga iyakar.

Har yanzu babu kalmar sirri, ka lura. Shaidar tana nan yadda take, wurin da kake tsaye. An dai sa tambayar ta yi wa ɗan aike wuyar furtawa. Kuma ba a rufe tsohuwar hanyar ba, domin miliyoyin jerin umarni da aka rubuta tun 2007 da ita suka saba, rufe ta rana ɗaya zai kashe ayyukan mutane. Sai a hankali: Amazon Linux 2023 ya zo da sabuwar hanyar kaɗai a matsayin saitin asali, tsofaffin kwamfutoci kuma sai mai su ya shiga ya canza da hannunsa.

Idan kana da kwamfuta a gajimare, abu biyu ke wuyanka. Ka duba ko tsohuwar hanyar tana buɗe. Sannan ka tuna cewa user-data ba ya gogewa bayan tashin farko, yana nan a tagar, duk manhajar da ke cikin kwamfutar tana iya karanta shi. Kalmar sirrin da ka rubuta a can shekara biyu da suka wuce don ka yi sauri tana nan tana jira.

Idan kuma ba ka da katin dala na hayar gajimare amma kana son ganin abin da idonka, ba sai ka biya kowa ba. Ka sauke Ubuntu Server na Raspberry Pi ka rubuta shi a katin memori, ka buɗe katin a kwamfutarka kafin ka saka shi. A ɓangaren farko za ka ga fayil mai suna user-data, da wani mai suna network-config. Ka rubuta sunan da kake so da makullinka a na farkon, sunan wayfay ɗinka a na biyun, ka zura katin ka kunna. cloud-init ɗin da ke tayar da kwamfutocin bankuna ce za ta karanta.